Zai-Girma Ya Sayo wa Auta Babur

Bango ɗaya ne ya raba shagona da na tela. Ni wanki da guga nake yi, shi kuwa ɗinki, don haka duk rigar da ta sauko daga kan kekensa sai ta bi ta ƙarƙashin dutsen gugata kafin ta isa wurin mai ita. Shi ya sa babu wanda ya kai ni sanin sirrin mutumin nan. Ku bayan riga kuke gani, ni cikinta nake gani. Ka juya wandon da ya ɗinka wa yaro ka sha kallo: yadin da ya kalmashe ya ɓoye a ƙafa ya isa a yi wa ƙanen yaron hula.

A layinmu Zai-Girma muke ce masa. Ba ni na raɗa masa ba, amma na yarda ni na fi kowa kiransa da shi. Asalin sunan kuwa daga bakinsa ya fito. Uwa za ta kawo ɗanta awo, ya ɗora tef a kafaɗar yaro, ya karanta abin da tef ya ce, sannan ya rubuta abin da ransa ya ce. Ranar karɓa a sa wa yaro riga, hannuwa su ɓace, wuya ya zamo har kafaɗa. Uwar ta buɗe baki za ta yi magana, shi kuwa da allura a gefen baki ya riga ta: "Hajiya, zai girma."

Kada ku ɗauka mugun tela ne. Gajere ne, mai tsabta, tabaransa ɗaure da zare, alli a bayan kunne, tef a wuya ko abinci yake ci. Ƙyallen da ya rage ko tafin hannu bai kai ba, sai ya naɗe ya mayar maka. Kuma shi kaɗai ne telan da na sani wanda in ya ce gobe, to jibi yake nufi, ba watan gobe ba. Manya suna jin daɗin ɗinkinsa, don ya haƙura da su, ya san sun gama girma. Yara ne dai ba ya yarda da tsawonsu na yau. A wurinsa yaro abu ne da bai gama zuwa ba, kuma asara ce a yanka masa yadi daidai shi.

'Ya'yansa su suka fi kowa shan wannan aƙida. Babbansu, wanda duk layi ke kira Yaya, ya tashi cikin wando mai naɗi uku. Allah ya taimake shi ya yi kama da dangin uwarsa, ya zama dogo kamar tsani, har ya kama sana'ar fenti, inda tsawon ke yi masa rana. Ƙannensa mata biyu suna ɗakunan mazajensu. Sai Auta, wanda ya kwaso ubansa kaf, har tsawon. Shekararsa goma sha bakwai, amma in ya tsaya bayan teburin yanka, kai da kafaɗu kawai kake gani. Tun yana firamare ake jiran ya girma. Har yau ana jira.

Auta yaro ne mai hannu. Ba abin da ke lalacewa a gidan bai kwance shi ba. Da ƙyar da roƙo uwarsa ta samar masa gurbin koyon gyaran firij a wurin wani ƙwararre da ke can ƙarshen gari, mutumin da iyaye ke layi don ya karɓi 'ya'yansu. Sharaɗinsa ɗaya ne: yaro ya riga shi zuwa shago. Wanda ya saba makara, akwai goma a bayansa suna jiran wurin. Motar haya kuwa daga layinmu sai ka canza biyu, kuma kowace sai ta cika take tashi. Uwar Auta ta ce a saya masa babur. Ta faɗa da safe, ta faɗa da rana, ta faɗa ta taga, har Zai-Girma ya ɗaga ƙafa daga kan keke ya ce ya ji.

Yaya na da wani ƙaramin babur da ya saya na hannu tun yana yaron shago. In ya hau, gwiwoyinsa har kunne suke kaiwa, bokitin fenti a gaba, kamar an naɗe tabarma an ɗora a kan kujerar tsuguno. Da ya ji maganar sai ya turo shi ƙofar shago.

"Baba, a ba Auta wannan mana. Ba nauyi, ba ya shan mai, kuma ba ya gudun da zai tsorata shi. Ni sai in lallaɓa in nemi wani."

Auta ya hau. Ƙafafunsa biyu suka sauka ƙasa daram, har da ɗan lanƙwasa a gwiwa. Yaron ya washe baki.

Zai-Girma ya zagaya su ta dama, ya zagaya ta hagu, ya leƙo ta saman tabarau. Ya girgiza kai.

"Wannan ai daidai shi yake."

"To ba shi ake so ba, Baba?"

"Kai fenti ka sani. Abin da ya yi wa yaro daidai yau, baɗi ya yi masa kaɗan. Sai kuma a sake sayen wani? Sauka, Auta."

Na leƙo da dutsen guga a hannu na ce, "Maƙwabci, babur fa ba a kalmashe masa ƙafa."

"Kai kuma ka ji da garwashinka, kada ka ƙona wa mutane kaya."

Ranar da za a je saye ni na raka su, ba don an gayyace ni ba. Mai sayar da babura ya jera su a rumfa, manya da ƙanana, sababbi da na hannu. Mutumin kirki ne, don yana ganin Auta ya nufi wajen ƙananan. Ya ce mai koyo abu uku yake bukata: ƙafarsa ta taka ƙasa, hannunsa ya kai birki ba tare da ya miƙe ba, in kuma babur ya faɗi ya iya ɗaga shi shi kaɗai. Zai-Girma yana ta gyaɗa kai kamar yana ji, alhali idonsa na can kusurwa, kan wani jan babur mai ƙaton tanki, wanda aka yi domin masu ɗaukar buhuna.

"Wancan fa?"

"Wancan na ƙarti ne, Malam. Ko ni sai na yi ɗage."

"Hau mu gani, Auta."

Auta ya taka ƙarfen ajiye ƙafa ya haye kamar mai hawa katanga. Da ya zauna, ƙafafunsa suka tsaya a iska suna lilo. Tsakanin takalminsa da ƙasa kaza za ta wuce ba ta sunkuya ba. Ni da mai babura muna riƙe da abin ta baya.

Zai-Girma ya ja da baya, ya karkata kai, ya yi irin murmushin da yake yi in hannun riga ya rufe yatsun yaro.

Mai babura ya ce, "Malam, ƙafarsa fa ba ta kai ba."

Ni na riga shi. Na ce, "Zai girma."

Ya harare ni, amma bai ƙaryata ni ba. Auta dai sai shafa tankin yake yi. Yaran gidan nan ba sa musu da ubansu a kan awo, sun san ba a cin nasara. Kuma, a faɗi gaskiya, jan fentin ya ɗan tafi da shi. Yaya ne ya tuƙo babur ɗin zuwa gida, Auta a baya.

A filin ƙwallo Yaya ya koya masa. Cikin 'yan kwanaki yaron ya iya kulochi, ya iya canza giya, ya iya kwana. Tafiya dai ba laifi. Tsayawa ce babu. Da ya ja birki babur ya tsaya, sai ya miƙa ƙafa neman ƙasa, ƙasa ta ƙi zuwa, sai ka ji rim. Madubin dama ne ya fara tafiya, na hagu ya bi shi.

Zai-Girma bai karaya ba. Ya ce matsalar ta gyara ce, kuma gyara aikinsa ne. Ya kwance kujerar babur ya kawo kan teburin yanka, ya farke ledar, ya zana layi da alli a jikin soson, ya yanke da reza, ya mayar ya ɗinke tsaf. Soson da ya yanke bai yar ba. Ya sa a leda ya rataye a ƙusa, wai in Auta ya girma a mayar masa. Aka gwada. Yanzu babban yatsan ƙafa ɗaya yana shafar ƙasa, in yaron ya zame gefe ya riƙe numfashi. Aka kai takalminsa wurin mai gyaran takalma aka ƙara masa dunduniya da tayar mota. Yaro ya koma tafiya kamar mai taka ƙwai, babur kuwa nauyinsa na nan yadda yake.

Uwar Auta ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, ka rage kujera, ka ƙara takalmi. Saura ka ja yaron ta ƙafa ko zai miƙe."

"Ke dai ki zuba masa abinci da yawa."

Auta ne ya samo wa kansa dabara. A ƙofar gidansu akwai dakalin siminti inda tsofaffin layi ke zama da yamma. In ya jingina babur kusa da shi, sai ya hau daga kan dakalin, ya tayar, ya tafi. In ya dawo, sai ya zo a hankali ya sauke ƙafa a kansa. Haka ya bi gari yana haddace duk inda ke da dakali, ko bakin kwalbati, ko tudun da ƙafa za ta samu. A wurin aiki ma akwai wani mataccen firij da aka kwantar a waje, shi ne tasharsa.

Abin da ya gagara shi ne danja. Hanyar da ta miƙe zuwa wurin aikin tana da mahaɗa mai fitila, kuma ba a gina dakali a tsakiyar titi. In ja ta kama shi, sai dai ya dafa motar wani ko ya kwanta. Sau ɗaya ya dafa, mai motar ya zage shi tas. Daga ranar ya daina bin hanyar. Ya koma zagaye ta bayan gari, ta wajen masu yin bulo, ta lungunan da ba fitila ba ɗan sanda, hanyar da ta ninka ta motar haya. Ni ya gaya wa, wata rana da ya kawo mini rigar aikinsa, gwiwar wandon a yage.

"Kawu, don Allah kada ka gaya wa Baba. Zai ce ban gode ba."

"To maigidanka fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya yi mini magana sau biyu."

Ban gaya wa Baban ba. Na dai riƙa yi masa waƙa ta bango, in ce, "Maƙwabci, ka auna Auta yau? Ko ya ƙaru cikin dare?" Shi kuma ya ce in bar shi ya ji da aikin mutane.

Ranar da abin ya fashe, da yamma ne, tsofaffi sun fara taruwa. Wata motar kaya ta kawo wa wani mai kanti a layinmu buhunan siminti, direban ya rasa inda zai tsaya sai jikin dakalin nan, ya rufe shi ruf, ya kulle mota ya tafi neman mai kantin. Tsofaffi suka dawo bencin ƙofar shagona. Ana haka sai ga wani mai ƙiba a kan babur, da jakar kayan aiki a baya, ya yi sallama ya tambayi shagon tela. Mai gyaran firij ne da kansa. Ya zo duba wani aiki a kusa, ya ce bari ya biyo.

Zai-Girma ya tashi da rawar jiki, ya share masa kujera. Mutumin bai zauna ba.

"Malam, ba zan ɓoye maka ba. Yaronka yana da kai, yana da hannu, ban taɓa samun mai saurin ganewa kamarsa ba. Amma kullum sai na buɗe shago na share kafin ya iso. Sauran yara suna gani. Gobe in na riga shi, to ya zauna a gida, in ba wani wurin."

"Makara? Yaron da na saya wa babur? Babur ɗin da ya fi naka girma?"

"Ni dai abin da na gani na faɗa."

Kafin tela ya sami amsa, sai ga ƙarar jan babur daga bakin layi. Auta ne ya taso daga aiki. Ya rage gudu, ya karkato wajen dakali yadda ya saba, sai ya ga mota. Na ga idonsa ya yi waje. Ya dubi ubansa, ya dubi maigidansa, ya dubi tsofaffi. Yaro mai tarbiyya, ba zai wuce manya ba gaisuwa. Ya ɗan rusuna a kan babur.

"Sannunku da hutawa. Baba sannu da aiki. Oga barka da yamma."

Ya wuce.

Zai-Girma ya ce, "Ina kuma za shi?"

Na ce, "Wataƙila ya yi mantuwa."

Layinmu yana zagayowa ta bayan makaranta ya dawo. Ba a jima ba sai ga shi ya sake ɓullowa ta inda ya fito ɗazu. Mota na nan. Ya sake rusunawa.

"Sannunku da hutawa."

Tsofaffi suka amsa, "Yauwa, sannu Auta." Ɗaya daga cikinsu, mai kunne ɗaya, ya ce, "Wannan ba shi ya wuce yanzu ba? Ko su biyu ne?"

A zagaye na gaba yara sun fara binsa da gudu. Uwarsa ta fito ƙofar gida da ludayi a hannu. Yaya ya iso a kan ɗan babur ɗinsa, fenti har gira, ya tsaya yana kallo.

Zai-Girma ya fito tsakiyar layi ya ɗaga hannu. "Kai Auta! Tsaya mana! Ba ka ga maigidanka ba?"

"Na gan shi, Baba!" Muryar ta taho tana rawa, ta wuce tare da shi.

"To don me ba zai tsaya ba?" Tela ya juyo gare ni, don ya ga ina riƙe da ciki.

Na ce, "Maƙwabci, jira yake ya girma."

Tsofaffi suka kwashe da dariya. Mai gyaran firij bai yi ba. Ya dubi motar, ya dubi dakalin da ke bayanta, ya ce a hankali, "Shi ya sa yake sauka a kan mataccen firij ɗina. To a danja yaya yake yi?"

Na ce, "Ba ya bin danja. Ta wajen masu bulo yake zagayawa."

Nan dariyar ta tsaya, har tawa. Kowa ya san manyan motocin da ke bin hanyar masu bulo. Na ga fuskar tela ta canza. Ya cire allurar da ke bakinsa ya soke a gaban riga.

Da babur ya sake ɓullowa, Zai-Girma bai ɗaga hannu ba. Ya buɗe hannuwa biyu ya tsaya a gabansa. "Ja birki, ina nan! Ja, na riƙe ka!"

Auta ya ja. Tela ya cafki kan babur. Na ɗan lokaci kamar za su yi nasara, gajeru biyu da ƙaton ƙarfe a tsakaninsu. Sai abin ya fara karkata a hankali, cikin natsuwa, ya kwanta da su duka a kan tarin yashin mai kanti. Yaya da mai firij suka ɗaga. Ba wanda ya ji ciwo, sai tabarau da zarensa ya tsinke.

Zai-Girma ya zauna a yashi yana haki. Ya gwada jijjiga babur ɗin da hannu ɗaya, ko motsi bai yi ba.

"Kullum haka kake fama da shi?"

Auta ya gyaɗa kai.

Yaya ya tsuguna yana kakkaɓe wa uban riga. Ya ce, "Baba, in faɗi wata magana ba za ka yi fushi ba? Ka tuna shuɗin yadin da ka ɗinka mini ina aji uku? Ban taɓa sa shi daidai ni ba. Kafin in kai tsawonsa ya riga ya mutu, Inna ta mai da shi tsumman goge tukunya."

Uwar ta ce daga ƙofa, "Ba shi kaɗai ba."

"Tsumma ba komai ba ne, Baba, an sami na goge tukunya. Wannan kuwa ba riga ba ce."

Tela ya dafa ƙasa. Ya miƙe, ya zare tef daga wuya. Ya ce wa Auta ya cire takalman nan masu tayar mota ya tsaya sosai. Ya durƙusa ya auna shi daga cinya zuwa ƙasa, ya danne wurin da farce. Ya je jikin jan babur ya auna daga kujera zuwa ƙasa, ya daɗe yana kallon tazarar. Sannan ya taka zuwa ɗan babur ɗin Yaya ya auna. Farcen ya sauka daidai, har da ragowar yatsa biyu.

Duk layi an yi tsit ana jiran a ji abin da zai ce. Ni har na buɗe baki, uwar Auta ta nuna ni da ludayi, na rufe.

Tela ya ce wa Yaya, "Kai dogo, ba shi makullinka. Ka ɗauki wancan."

A gidan nan tun da aka fara haihuwa, kaya daga babba suke gangarowa zuwa ƙarami. Ranar ce ta farko da na ga abu ya tashi daga auta ya hau zuwa babba. Yaya ya haye jan babur, ƙafafunsa suka sauka ƙasa, gwiwoyinsa suka rabu da kunnuwansa bayan shekara da shekaru. Sai dai ya ce kujerar tana cinsa. Zai-Girma ya shiga shago ya sauko da ledar nan daga ƙusa.

"Ka gani? Da na yar fa?" Ni ya kalla da ya faɗi haka.

Mai gyaran firij ya ɗaure jakarsa ya ce, "Maganata dai tana nan. Gobe."

Washegari ina hura garwashi Auta ya turo ɗan babur waje. Bai nemi dakali ba. Ya hau daga ƙasa kamar kowa, ya gyara hular kwano, ya tayar. Ubansa na tsaye a ƙofar shago da almakashi a hannu, wai ya fito ne ya ga haske. Da yamma yaron ya dawo ya tsaya a tsakiyar layi, inda ba tudu ba komai, ya sauke ƙafa biyu, ya daɗe a haka don kowa ya gani. Ya ce ja ta kama shi a danja, ya tsaya, ya jira, har ya gaisa da na kusa da shi. Da maigidan ya iso ya tarar an share shago an fito da kaya.

Yanzu Auta yana can, an fara barinsa ya je gyara gidajen mutane shi kaɗai. Tsawonsa kuwa yana nan inda muka bar shi.

Kada ku ce tela ya tuba. Da damina ta kusa ya sayo leda mai kauri ya ɗinka wa ɗan babur ɗin riga saboda ruwa. Ni aka kawo wa in kwantar da ɗinkin. Da aka lulluɓa, rigar ta rufe babur, ta sauka ƙasa, ta bazu har ta rufe rabin dakali da takalman wani tsoho.

Na leƙa ta bango na ce, "Maƙwabci, shi ma babur ɗin zai girma ne?"

Bai ɗago daga keke ba. Ya ce, "Ka sani ko wata rana ya sayi babba?"